Jirgin shawagi mai inji zai iya jan marar inji a zafin Tawa?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Tawa ne, ina karatu a Yamai. Mu biyar ne muke da burin wata rana mu kafa ƙungiyar koyon tuƙin jirgin shawagi, wato wanda ba shi da inji, wanda Faransawa ke kira planeur. Da muka binciki kuɗin jirgin da ke jan shi zuwa sama, sai jikinmu ya yi sanyi. Wani ya ce mana a Turai ana sa jirgin shawagi mai ɗan inji ya ja marar inji, ba ya shan mai sosai, kuma ana koyon tuƙi da shi. Da gaske ne? In gaskiya ne, zai yi aiki a wajenmu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya biyu ka ƙulle a ƙunshi guda. Ta farko, ko mai inji yana jan marar inji. Amsarta e, ana yi kullum a Jamus da Ostiriya da Faransa, kuma hukumomin jiragen sama sun amince da shi. Ta biyu, ko zai yi hakan a Tawa ko Yamai cikin watan Afirilu. A kan wannan zan daɗe, don a nan ne maganar take.

Ni bakaniken jirgi ne. A shekarun da na yi aiki a Faransa na koyi tuƙin marar inji, daga baya na samu izinin ja. Na ja da manyan jiragen ja irin su Rallye da Robin, na kuma ja da jiragen shawagi masu inji irin su Falke da Super Dimona, waɗanda daga nan zan riƙa kira masu shawagi kawai. Abin da zan faɗa maka daga can na samo shi, sai lissafin da na yi na ɗora shi a kan yanayinmu.

Yadda ake jan

Marar inji ba ya tashi da kansa, sai an kai shi sama. Ana ɗaura igiya mai tsawon mita 40 zuwa 60 daga wutsiyar mai ja zuwa ƙugiyar da ke jikin marar inji. Wani ya riƙe masa bakin fiffike ya ɗan yi gudu da shi, su biyun su kwasa a kan fili, marar inji ya riga tashi don ya fi sauƙin ɗagawa, ya tsaya ƙasa-ƙasa yana jira, sannan mai ja ya ɗaga. A mita 400 zuwa 600 matuƙin baya ya ja wani ɗan maɗauri mai launin rawaya, igiya ta fita, kowa ya kama gabansa. Daga nan sai ya nemi abin da ungulu da shirwa ke nema da hantsi in ka gan su suna zagaye wuri guda ba sa kaɗa fiffike: iskar da rana ta gasa daga ƙasa tana hawa sama. Wannan kam Allah ya hore mana ita.

Jiragen da aka saba ja da su masu ƙarfi ne. Piper Pawnee, wanda asalinsa jirgin feshin gona ne a Amurka, yana da ƙarfin doki 235. Robin DR400 na ja da Rallye da Faransawa suka fi so suna da 180. Mai shawagi kuwa ƙaramin inji gare shi. Scheibe SF-25 Falke, na Jamus, wanda ya fara tashi a 1963, samfurinsa da ake ja da shi yana ɗauke da injin Rotax mai doki 100 ko 115. HK36 Super Dimona na kamfanin Diamond a Ostiriya, mai fiffike mita 16 da ɗoriya da nauyin da bai wuce kilo 770 ba, shi ma haka. Tsofaffin Falke masu injin doki 60 ko 65 da za ka gani ana sayarwa da araha, ka cire su daga lissafi tun yanzu, ba na ja ba ne.

To me ya sa doki 100 ke yin aikin da aka saba yi da 180? Saboda mai shawagi shi kansa ba ya cin ƙarfi da yawa wajen riƙe kansa a sama. Fiffikensa dogo ne, jikinsa sumul, nauyinsa kaɗan. Marar injin da yake ja shi ma bai da wani tirjiya. Ɗauki ASK 21, mai kujera biyu da ake koyarwa da shi kusan ko'ina: cikakken nauyinsa kilo 600, kuma in ya sauko mita 1 ya ci gaba mita 30 da wani abu. Ma'ana, in ana tafiya a miƙe, abin da igiya ke ji bai wuce kilo 20 ba, kusan jarka guda ta ruwa. Wahalar tana wajen ɗaga nauyin su biyun zuwa sama, da kuma kwasar gudu daga tsaye.

Wanda ya ba ku labari bai yi ƙarya ba game da riba. Rotax mai doki 100 in an buɗe shi gaba ɗaya yana shan lita 25 zuwa 27 a awa, manyan injunan Lycoming na Robin da Pawnee kuwa sun ninka haka ko fiye. Rotax yana karɓar esansin mota mai kyau. Kan silindarsa da ruwa ake sanyaya shi, don haka hawa da gudu da saukowa da gudu sau ashirin a wuni ba sa tsaga shi kamar yadda suke yi wa injin da iska kaɗai ke sanyayawa. Mai shawagi yana da birkin iska a fiffike, da ya saki igiya sai ya zubo ƙasa nan da nan. Ga shi kuma da safe a koyar da ɗalibi tashi da sauka a cikinsa, da hantsi ya koma ja. Ga ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi wannan babban abu ne.

Abin da zafi ke cinyewa

Bari mu yi lissafi tare, a gurguje, da alƙaluman da na zagaye don su yi sauƙi. Inji mai doki 100, farfela ba ta mayar da duka zuwa turi, a wajen hawa ka ce 65 ne ke isa. Su biyun, mai ja da wanda ake ja, suna cinye kamar 22 don kawai su tsaya a sama ba hawa ba sauka. Saura 43. Da wannan saura ake hawa. In nauyinsu a haɗe kilo 1,200 ne, 43 ɗin nan zai ba ka kusan mita 2.7 a daƙiƙa. Minti uku ka kai mita 500. Ba laifi.

Amma wannan lissafin na ranar sanyi ne a bakin teku. Littafin kowane jirgi an rubuta shi ne a kan ma'aunin da aka yarda da shi a duniya, digiri 15 a gaɓar teku, yana raguwa da digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Iska mai zafi ba ta da kauri. Inji ya shaƙa bai ƙoshi ba, farfela ta kama ba ta cika hannu ba, fiffike ma sai ya ƙara gudu kafin ya ɗaga. Kowane digiri guda da ka haura ma'aunin nan, kamar an ɗauki filinka an ɗora shi mita 36 ne a sama. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai yana kan mita 220 da ƴan kai. Ranar da zafi ya kai 42, jirgi ji yake kamar yana kan mita 1,250. Tawa ta fi tudu, wajen mita 380, in aka ce 43 to an doshi mita 1,500. Inji marar turbo, wato na'urar da ke matsa iska ta cusa wa inji, yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 ta irin wannan tsawo. Doki 100 ɗinka ya koma 85.

Mutum zai ce kashi 15 ai ba wani abu ba ne. Sake lissafin ka gani. 85 ya ba da turi 55. Abin da ake ci don tsayawa a sama bai ragu ba, ya ma ɗan ƙaru, ka ce 24. Saura 31. Hawa ya faɗo ƙasa da mita 2 a daƙiƙa. Inji ya rasa kashi 15, hawa ya rasa kusan kashi 30, domin duk asarar daga cikin saura ake yankar ta. Pawnee ma zafin yana taɓa shi, sai dai shi saurarsa tana da yawa, ko an yanka akwai abin da ya rage. Kamar jaki da sa ne a bakin rijiyar Azawak: rijiya gajera duk su biyun za su fito da guga, in ta yi zurfi wasaki ya cika, nan ake gane wanda ke da sauran ƙarfi.

Mita 2 a daƙiƙa kana gudun kilomita 110 a awa yana nufin sai ka ci mita 15 ko 16 a gaba kafin ka hau mita 1. Gawo mai tsawon mita 15 a ƙarshen fili yana buƙatar mita 240 bayan ƙafafu sun bar ƙasa, kuma marar injin da ke bayanka shi ma dole ya tsallake. Sannan iskar nan mai hawa da muke murna da ita, a gefenta akwai mai saukowa. Ka faɗa cikin mai saukowa da mita 2 a daƙiƙa, hawanka ya zama babu.

Na ɗanɗani wannan wata rana da bazara a kudancin Faransa, zafi bai ma kai namu ba, 35 ne. Fili na ciyawa, ba a yanke ta ba kwana biyu, iska ta kwanta ɗif. Ina cikin Falke, a bayana mai kujera biyu da malami da wani baƙo mai jiki. Na tura maƙura har ƙarshe, jirgi ya fara tafiya kamar amalanken da aka yi wa lodin siminti. Akwai wata alama a gefen fili da na saba wucewa ina sama, ran nan na wuce ta ƙafafuna na ƙasa. A madubi ina ganin su sun ɗaga suna jira na. Allurar hawa ta tsaya a kan mita 1, layin itatuwa yana girma a gilashi, hannuna na kan maɗaurin sakin igiya. Mun wuce ina ƙirga rassa. Laifin nawa ne, na ga alamar ta wuce ban saki ba. Tun ran nan, kafin na ja kowa sai na taka fili da ƙafa na zaɓi wurin da in na kai ban tashi ba zan saki igiya in ci gaba ni kaɗai, in bar masa sauran fili ya tsaya. Na kuma gaya wa na baya tun muna ƙasa.

Shi ya sa in za ku sayi irin wannan jirgi don ƙasarmu, ni ba na ganin wani zaɓi sai mai Rotax 914. Turbo gare shi, yana matsa iska ya cusa wa inji, don haka a mita 1,500 har yanzu yana ba da kusan dukkan ƙarfinsa. Amma ka san iyakarsa. Doki 115 ɗin na minti biyar ne kacal, bayan haka 100. Turbo kuma inji kaɗai ya ceta, farfela da fiffike suna nan cikin iskar nan marar kauri. Ga zafin ruwa da na mai: hawa a hankali da inji a buɗe shi ne yanayin da ya fi dafa inji, kuma iskar da za ta sanyaya shi ita kanta 43 take. Za a sha kai wa inda dole matuƙi ya sunkuyar da hanci ya ƙara gudu don allura ta sauko daga ja, wannan kuma daga hawa ake cire shi.

Fili ma yana da tasa magana. Yashi yana riƙe taya, marar inji kuwa taya guda gare shi, nauyinsa duk a kanta. Jar ƙasa da aka daddaɓe ta fi, sai dai tsakuwarta tana cin bakin farfela, kuma mai ja yana watsa wa na baya ƙura da duwatsu daidai lokacin da yake son ganin gabansa. A Turai in igiya ta tsinke a ƙasa-ƙasa ana faɗawa gonar alkama. Mu abin da ke gaban fili sau da yawa aduwa ce da ƙaya da kwazazzabo, sai awaki. Don haka tsawon da littafi ya ce ya isa, ni zan ninka shi.

Mai ja marar nauyi

Akwai haɗarin da ya fi cin ran matuƙan ja, kuma mai shawagi ya fi kowa shiga cikinsa. In marar inji ya haura sama da inda ya kamata, igiya sai ta ɗaga wutsiyar mai ja, hancinsa ya dubi ƙasa. Cikin daƙiƙa biyu ko uku abin ke faruwa. Fiffiken na baya ya kama iska ya yi sama kamar an fizge shi, gudun mai ja ya mutu, sitiyarinsa ya daina aiki. In a ƙasa da mita 100 ne, da wuya a fita. Jirgin da ake ja in ya kai nauyin mai jan sa, kamar ASK 21 a bayan Falke mai kilo 650, ka ga wanda zai rinjayi wani.

Maganinsa sananne ne, kuma ba a sassauci a kai. A ɗaura igiya a ƙugiyar hanci, kada a ɗaura a ta ciki wadda aka yi don injin naɗe waya da ke fizgo marar inji daga ƙasa. Kada igiya ta gajarta, ni na fi son mita 60. Na baya, da mai ja ya ɓace masa daga ido, ya saki nan take, ba tunani. Mai ja kuma maɗaurinsa ya kasance inda hannu zai faɗa ba sai ya duba ba. A igiyar akwai ɗan ƙarfe da aka yi don ya tsinke in ja ya yi yawa, kamar fis na lantarki. Kamfanin Tost na Jamus yana bambanta su da launi: baƙi mai kusan kilo 1,000, ja 750, shuɗi 600, fari 500, rawaya 400, kore 300. Mai shawagi ƙananan yake so, kuma littafinsa ne ke faɗin wanne. Kada ka dogara da ɗan ƙarfen nan ya cece ka daga ɗaga wutsiya, sau da yawa abin ya riga ya auku kafin ya tsinke.

Sai batun gudu. Mai shawagi ya fi hawa da kyau a wajen kilomita 100 a awa. Tsofaffin marasa inji na katako da yadi, irin su Ka 8 mai kilo 310 da ASK 13 mai kilo 480, wannan gudun ya yi musu daidai, har sun fi jin daɗinsa a kan bin Pawnee, don iskar da ke fitowa daga bayan mai shawagi ba ta da hargitsi sosai. Na zamani masu nauyi kamar Duo Discus, fiffike mita 20, kilo 700 ko fiye, suna son 120 zuwa 130. In ka ba su wannan gudu hawa ya ragu, in ka hana su jirginsu ya yi lagwai-lagwai a hannu. Kowane mai ja akwai iyakar nauyin da aka yarda ya ja a rubuce cikin takardunsa. A zafinmu ka ɗauki wannan iyaka a matsayin abin da ba za ka kusanta ba.

Game da mai, Rotax 914 da mai doki 100 suna son esansi mai lamba 95 ko sama. Na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya kada ya kusanci tankin. Esansin mota kuma yana saurin zama tururi cikin bututu in jirgi ya sha rana, inji ya yi tari daidai lokacin tashi. A ajiye jirgi a inuwa, a tace mai, a duba ruwa a ƙasan tanki kowace safiya. In aka koma man jirgi mai dalma, 100LL, inji zai karɓa, amma sai an riƙa canza baƙin mai da wuri. Matatar iska kuwa da hunturu kusan kullum sai an duba ta.

Da ni ne ku

Zan fara da tambayar ko ja da jirgi ne ma abin da kuke buƙata a farko. Injin naɗe waya, wanda ake girkewa a ƙarshen fili ya fizgo marar inji, yana kai shi mita 300 zuwa 500 cikin ƙasa da minti guda da waya mai tsawon mita 1,000 ko fiye, kuma man da yake ci kusan lita guda ne. Ɗalibi yana buƙatar tashi da sauka da yawa, a nan ne araha take. Zafi bai dame shi kamar yadda ya dami jirgi ba, kuma bakaniken mota na Tawa zai iya kula da injinsa. Fili mai tsawo kuwa ba mu rasa ba. Aibinsa shi ne inda ya sake ka nan ka tsaya, ba ya kai ka wurin da iska ke hawa. Amma a ƙasar da ungulu ke hawa tun ƙarfe goma, mita 400 tana isa sau da yawa.

In an samu hali daga baya, sai a ƙaro mai shawagi mai turbo, a haɗa shi da marasa inji marasa nauyi, matuƙi shi kaɗai a ciki, tanki rabi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ranakun da hazo bai rufe gari ba, a yi ja yadda ake so. Daga Maris zuwa Mayu a yi da safe, mai kujera biyu da manya biyu a ciki a bar wa waya da zarar rana ta take. Da damina kuma a sa ido gabas, don hadarinmu da iskarsa ba sa sallama, kuma fiffike mita 16 a buɗaɗɗen fili ba ya jure su.

Matuƙin ja ba sabon hannu ba ne. A dokar Turai sai mutum ya yi awa 30 yana tuƙi da kansa da tashi da sauka 60 bayan samun lasisi, sannan ya yi ja 10 na koyo, aƙalla 5 tare da malami. Ni zan ƙara da cewa ya zama ya taɓa zama a kujerar baya ana jan sa sau da yawa. A nan gida kuma, rajistar jirgi da lasisi da amincewa da fili a hannun ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar, suke, sararin sama kuma ASECNA ke kula da zirga-zirgarsa, kuma a halin tsaron da ake ciki ba a tashi da komai sai da izinin hukuma. Tun kana Yamai, EAMAC, makarantar ilimin yanayi da harkar jiragen sama, tana kusa da kai, masu ilimin yanayi da na zirga-zirgar jirage suna can, ku nemi shawararsu tun kafin ku kashe ko tamma.

Iyakata ita ce, duk jan da na yi a Turai na yi shi, zafin da ya fi kowane da na ja a ciki bai kai 40 ba. Alƙaluman Yamai da Tawa da na ba ka lissafi ne, ba abin da na auna da allura a samanmu ba, kuma littafin jirgin da kuka saya shi ke da magana ta ƙarshe. In kun samu filin da kuke so, ku auna tsawonsa da igiya, ku duba irin ƙasarsa da abin da ke tsaye a ƙarshensa ta kowane ɓangare, ku rubuta zafin ƙarfe tara da na sha biyu da na uku har sati biyu cikin Afirilu. Ka aiko mini da su tare da sunan marar injin da kuke da niyya, mu zauna mu fitar da nisan tashi na kowace awa.